Telan da Ya San Ɗinkinsa

Yayana tela ne, kuma kaf unguwarmu babu wanda bai taɓa yin cacar baki da shi a kan zare ba. Ɗinkinsa daga waje ba ka da ta cewa. Amma juya rigar ka sha kallo: farar riga, kafaɗa da jan zare, aljihu da kore, hammata da baƙi. Duk guntun da ya rage a kwarkwaro ba ya zubarwa. In ka yi ƙorafi ya ce, "Da cikin rigar kake fita?" Ni ƙanwarsa ma bai raga mini ba, marowacin banza. Shi ya sa ake ce masa Guntu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, bakanike, mai mata da jaririya. Lokacin yaƙi sojoji suka tare motar haya a shinge da rana tsaka, suka sauke samarin ciki, har da shi. Mun je bariki, aka ce ba ya hannunsu. Mun je wurin 'yan sanda, suka ce mu koma bariki. Wani mai kaki har cewa ya yi ƙila yaron ne ya gaji da iyali ya gudu. Wallahi da ba a riƙe ni ba, da ranar ni ma an kulle ni.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ba mu binne shi ba, ba mu karɓi gaisuwa ba, surukarmu kuma tana ɗakinta, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Yaya ya ci gaba da taka kekensa, sai dai ya daina faɗa da kowa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali.

Bayan dogon jan ƙafa aka yi sabuwar doka: dole gwamnati ta tone ramukan da aka zuba mutane, ta miƙa wa kowa nasa, kuma duk wanda aka gane, a gurfanar da waɗanda suka kama shi. Wanda ba a gane ba kuwa, babu shari'a. An ɗebi yawunmu da auduga wai za a gwada da gawarwakin, har yau injin gwajin yana hanya. Abin da aka iya shi ne wanke tufafin da aka tono, aka shimfiɗa su a kan tebura a wani ɗakin taro.

Mutane na duba waje, Yaya na juya ciki. Ranar farko ya gane rigar ɗan mai burodi ta zarensa. Daga baya ta ƙanen malamar makaranta, da wandon wani direba. Da ƙafarsa yake zuwa gidajen ya faɗa, ya zauna a yi kukan da shi. Gidaje da dama sun sami kabarin ziyara da ranar shiga kotu ta dalilinsa. Duk sanda aka kawo sabbin kaya sai ya rufe shago. "Ta ɗana na nan tafe," yake ce mini. "Ai ko daga nesa zan gane ta."

Wata rana mun dawo hannu rabbana, sai surukar ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Na kasa ci gaba da kallonka kana wannan zirga-zirgar. Ranar ba ɗinkinka ne a jikinsa ba."

Yaya ya zuba mata ido.

"Abokansa ne ke masa dariya a gareji, sai ya sayi rigar kanti. Yakan gaishe ka da taka a jiki, ya canza a hanya. Ya roƙe ni kada in faɗa, don kada ranka ya ɓaci."

Na buɗe baki zan zazzage ta, Yaya ya ɗaga mini hannu. "Wace iri ce, 'yata?"

"Shuɗiya, mai gajeren hannu."

Innalillahi! Tebur guda ne cike da irinsu a bakin ƙofar ɗakin taron, kuma kullum ta gefensa yake wucewa.

Washegari na raka shi. Ya tsaya a gaban teburin yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana juya ciki, yana kai su kusa da idonsa. Duk zare iri ɗaya ne, ɗinki iri ɗaya. Da ya kai ta ƙarshe sai ya koma kan ta farko.