Ranar da Shef Ya Juyo Ya Fuskanci Mutanen Gaya

Muna idar da sallar asuba muka ɗaga daga Yamai, kar ɗaya, wato babbar motar fasinja, cike da makaɗa, kamiyon kaya na biye da mu ɗauke da kujeru da ganguna. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kaɗa ƙaton gogen nan na Turawa a ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, gogen da ya fi ni tsawo, wanda sai a tsaye ake kaɗa shi. Duk tafiya sai an yi rigima a kansa. Shofer ya ce a ɗaure shi a saman mota, na ce sai dai a ɗaure mu tare. Ƙarshenta kujera biyu aka ba goge, ni kuwa na raɓe a gefensa.

Gaya muka nufa, kuma da dalili. Shugabanmu mai ƴar sandar da duk muke bi in muna kiɗa, wanda muke kira Shef, ɗan Tanda ne, nan kusa da Gaya. Ya bar gida yana saurayi, yanzu kansa ya yi fari fat, bana kuma zai ajiye aiki. Ya yi wa jakadu da ministoci kiɗa, amma mutanen garinsu ba su taɓa ganin abin da yake yi ba. Abin da suka sani kawai, autan gidan su wane ya tafi birni ya zama makaɗi. Burinsa ɗaya kafin ya ajiye sandar: ya kai mu gida, danginsa su gani da idonsu, su yarda rayuwarsa ba ta tafi a banza ba.

Wajen Kure muka hangi raƙuman dawa suna kiwo, samarinmu suka cika taga da wayoyi. Tsohon mai busa ƙaho, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, bai ko ɗaga kai ba, tarihi yake ba mu, wanda na ji har na haddace. Wai a wani ajin lakwal, makarantar boko ke nan, suka fara, tsofaffin masu badujalar soja da wasu malamai, da kayan kiɗan da aka ba su kyauta, rabi duk tsirkiya ta tsinke. In ta tsinke kuwa, wayar birkin keke suke ɗaurawa. A lokacin kiɗan Turawa zalla ake yi, don baƙi. Shef ne ya shigo da gurumi da algaita da kalangu, aka yi ta gunaguni, wasu har suka yi yaji. Yau duk wasan da za mu yi, rabi nasu ne, rabi namu.

A Dosso muka karya da shayi da burodi da ƙwai. Da muka fito gari wani jandarma ya leƙo, ya ga akwatin gogena zaune a kujera, ya ɗan ja da baya, ya tambaya ko gawa ce. Na buɗe masa, na ja tsirkiya ɗaya, ya ji ta har cikinsa, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Daga nan hanya ta miƙe kudu, ƙasa tana ƙara kore, giginya tana ƙara yawa, manyan kamiyoyi kuwa sai ka ce ba sa ƙarewa. Duk ramin da muka faɗa sai na rungume goge ina yi wa shofer addu'ar shiriya. Wajen Malgoru muka sayi rake, na dala ashirin ya ishi mutum biyu, abin da a Yamai sai dai ka kalla.

Gaya gari ne da ba ya zama. Ƴan kabu-kabu a kan baburansu suna gilmawa ta ko'ina, kasuwa ana ciniki da sefa da naira, mutum ɗaya zai gaishe ka da Hausa, ya yi ciniki da Dandanci, ya yi faɗa da Zabarmanci. Zafinta mai laima ne, irin na bakin kogi, sai da muka sake ɗaure tsirkiyoyinmu duka. Da rana aka kawo mana shinkafar garin da soyayyen kifi. Na ci har na ji kunyar kaina, sannan na ƙara.

Bayan la'asar muka yi gwaji a filin gidan matasa. Muna cikin yi sai ga wani dattijo da malafa ya shigo ya zauna. Wan Shef ne, manomin shinkafa, shi ne babba a gidansu yanzu. Shef ya gan shi, ya ƙara gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda. Mun yi kiɗa mai kyau, wallahi. Amma ba mu kai rabi ba dattijon ya tashi ya kama hanyar ƙofa. Shef ya tsayar da mu ya bi shi da sauri, ni kuwa da nake tsaye a gefe na ji komai.

"Yaya, lafiya? Kiɗan ne bai yi ba?"

"Kiɗi ya yi, Auta. Amma dattawan Tanda na gayyato maka gobe, har da na Zabori. Ƙeya za ka nuna musu tun hwari har ƙarshe? Ko maroƙi ba shi ba ubangidanai baya. In haka za ka yi, gara in hwaɗa musu su zamna gida."

Mu da muka saba, ko sau ɗaya wannan abu bai taɓa zuwa mana a rai ba. A irin kiɗanmu shugaba makaɗa yake fuskanta, masu sauraro kuwa bayansa suke gani, haka muka tarar. Shef ya yi ta bayani, dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma shi ba zai tara manya a ba su baya ba.

Aka shiga shawara. Wani ya ce a zaunar da dattawan a bayanmu, aka ce to mu kuma mun ba su baya ke nan. Wani ya ce Shef ya tsaya a gefe, masu ƙaho suka ce ba za su hango shi ba. Sai Shef ya ce shi zai juya ya fuskanci jama'a, mu bi shi ta baya. Na ce masa wannan ganganci ne, mutum arba'in da wani abu ba sa tafiya tare ba tare da ganin sanda ba, musamman kiɗan ƙarshe mai yawan sauya gudu. Ya ce, "Shekara nawa kuna kallon fuskata? In har yanzu ba ku san kafaɗata ba, ban koya muku komai ba." Muka gwada har magariba ta kore mu, kuma gaskiya ba daɗi.

Washegari da la'asar fili ya cika maƙil, har kan katanga. Dattawa a gaba kan tabarmi, mata a gefe guda. Shef ya fito, ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙe yana fuskantarsu, ya buɗe hannuwa sosai yadda za mu hango su ta bayansa. Mun fara da tsohon kiɗan Turawa mai kashi huɗu. Masu ƙaho suka riga mu shiga. Sai na ga kafaɗar Shef ta ɗan sauka, yadda take yi in yana son a lafa, kuma duk muka gani tare. Daga nan kiɗa ya zauna. A Yamai ba a tafi sai an gama kashi huɗun, a Gaya kuwa ana gama na farko wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ba wanda ya hana ta.

Na biyu na algaita ne da ganguna, ya tayar da ƴan kabu-kabu tsaye. Sai na ƙarshe, wanda Shef ya gina a kan waƙar da matan Tanda suke yi wajen sussukar shinkafa, wadda ya ji a bakin mahaifiyarsu. Gurumi ya fara shi kaɗai, gogena ya shiga ta ƙasa, sauran goguna suka biyo. Kafin mu kai tsakiya mata suka gane waƙarsu. Ɗaya ta ɗauka, sauran suka amsa, tafi ya kama. Gudunsu ya fi namu, sai Shef ya bar namu ya bi nasu, mai kalangu ya bi gwiwar hannunsa, mu kuma muka bi kalangu. Tunda nake kiɗa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Daga inda nake tsaye ina hango gefen fuskar Shef, hawaye na bin ta, hannu bai fasa aiki ba.

Da muka tsaya, wan nasa ya miƙe a hankali, ya tako har gabansa, ya kama bakin rigarsa ya share masa fuska. Sannan ya juya wajen dattawa ya ce, "Kun gane shi? Autanmu na." Fili ya ɗauka da tafi da guɗa gaba ɗaya.

Da hantsi muka kamo hanyar gida, an cika mana kamiyo da kar da shinkafa da busasshen kifi, har gogena ya dawo yana ƙarni. Abin da na koyo shi ne, yawancin dokokin da muke riƙe da su gam sabo ne kawai, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mun kusa Yamai na tambayi Shef me ya fi tsaya masa a rai.

"Tunda na fara aikin nan a bayana nake jin tafi," in ji shi. "Ban taɓa ganin fuskar mutum ba lokacin da kiɗana ke shigarsa, sai jiya. Kuma ta yayana na fara gani."