Kowane noti sai da wani ya sa hannu

"Tsaya, ya waladi, ɗana, saƙon lauya ne."

Na tsayar da keken guragun. Lodin kaya ne aikina a filin jirgin Madina, amma jiya aka ce in tura wannan tsohuwa Bafalasɗiniya zuwa bakin mota. Daga Turai ta zo ziyara.

Ta karanta saƙon a wayarta, ta kife ta a cinya. Ashe tana cikin waɗanda suka maka gwamnatin ƙasar da take zaune a kotu, don a daina sayar da kayan gyaran jiragen yaƙin da ke ruwan wuta a Gaza. Lauyan ya ce an sake ɗage zaman kotun.

Na ce, "Hajiya, yanzu takarda ce za ta tsayar da jirgi?"

Ta ce, "Jirgin da ya rushe gida a kan ƙanwata, kowane noti na jikinsa sai da wani ya sa hannu aka fitar da shi. Mutumin nake so alƙali ya tambaya."

Da na koma, mudirinmu, wato shugabanmu, ya miƙo takardar lodi. Na yi shekaru ina sa hannu, amma sai jiya na tsaya na karanta tukuna.

Ku fa, kuna karantawa?