Maazou, Tafintan Sinimar Indiya

A Maraɗi aka haifi Maazou, kuma shekara tara ya yi yana sharar gidan sinima a can. Bai taɓa zama ajin koyon Indiyanci ba, kunnensa ne ya kwashe shi daga bakin 'yan wasa. Mutum ne da ƙafarsa ba ta son zama. A 1982 ya sauka Lyon ta ƙasar Faransa, ya samu aikin ɗaukar kaya a wani sito a Vénissieux da ke gefen garin, amma ransa bai kwanta ba. Da ya ji ana nuna fim ɗin Indiya a wani zaure a Paris kowace Lahadi da rana, sai ya hau jirgin ƙasa.

A bakin ƙofa mai yanka tikiti ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan na mutanenmu ne, ba za ka gane komai ba."

Maazou ya mayar masa da Indiyanci tsaf. Wata tsohuwa a bayansa ta bushe da dariya. Sunanta Nourbanou, Ba'indiya haifaffiyar Madagaska. Ta ja hannun rigarsa ta zaunar da shi tsakaninta da 'yarta Shirine, wadda Faransanci kaɗai take ji. Tun daga ranar shi ke yi wa Shirine raɗa, yana fassara mata maganar kakanninta. Wani lokaci ta yi kuka, wani lokaci haushi ya kama ta.

"Yaya za a yi kai ka ji, ni ban ji ba?"



Da bidiyo ya shiga gidaje, aka rufe zauren. Maazou ya bar aikin sito ya koma unguwar Château Rouge a Paris yana sayar da atamfa, Lahadi kuma yana falon Nourbanou gaban talabijin. Nan ma zama ya gundure shi. Wata rana ya tambaye ta, "Inna, Bombay ɗin da muke gani a fim haka take da gaske?"

"Ɗana, ni ma ban taɓa taka ta ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. A 1988 wani Alhaji Illiassou, ɗan kasuwar Damagaram, ya zo neman wanda zai raka shi sarin yadi a Bombay. Maazou ya haɗa jakarsa cikin kwana biyu. Wasiƙarsa ta farko ta iso wa Nourbanou bayan wata uku. Ya ce garin akwai cunkoso da zafi, kuma mutane na yi masa dariya, wai yana magana kamar jarumin fim.