Jinyar Gwaggo

Idan ka bi ta bayan masallacinmu na Bangsring, ƙauyenmu na bakin teku, ƙarar famfon da ke hura wa kifi iska ce za ta fara tarbarka kafin ka ga gidan Misnatun. Katanga ɗaya ta raba mu, har na saba da ƙarar nan, sai ranar da aka ɗauke wuta nake tuna akwai ta.

Misnatun ta fara taɓa kifin ado tun tana budurwa, a siton wani dillali da ke bakin titin Banyuwangi. Aikinta tantancewa: masu nutso su kawo, ita ta ware mai lafiya da mai rauni, ta zuba a leda, a hura iska, a ɗaure, a kai filin jirgi. A nan ta koyi duban kifi, a nan kuma ta gamu da Busar, mai nutso da tiyo a baki, wanda kullum yake rantsuwa cewa kifinsa lafiyayye ne ko da yana iyo a kife. Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Rohima. Da zurfin teku ya kashe masa kunnen hagu, likita ya ce ya daina shiga. A nutsonsa na ƙarshe ya fito da giru guda biyu, 'yan kifin nan masu ruwan lemo da farar ɗamara uku, tare da furen tekun da suke kwana a cikinsa.

Misnatun ta hana a sayar. Ta sa su a tankin gilashi a rumfar gefen gida. Babbar, wato macen, ta raɗa mata Gwaggo saboda faɗa. Ƙaramin ta ce sunansa Maigida, don shi ke share dutse, shi ke yi wa ƙwai fifita, kuma duk sanda Gwaggo ta taso masa sai ya karkace jiki yana karkarwa, alamar ya bi. Da suka fara saka ƙwai, ta bar sito. Da 'ya'yan Gwaggo aka yi wa Rohima karatu, da su aka sauya rufin ɗaki.

Wata safiya cikin damina na shiga shan kofi, na tarar da ita tsugune gaban tankin, ta ƙura masa ido.

"Yaya Tun, lafiya?"

"Zo ka duba idon Gwaggo na dama."

Idon ya yi fari kamar an shafa masa ruwan shinkafa. A gefen cikinta akwai wani jan tabo, bakin jelar kuma ya fara zarewa kamar tsohon zane.

Busar ya leƙo da kofinsa. "Tsoma ta a ruwan rijiya na ɗan lokaci, abin zai faɗo."

"Wannan na ƙwarin fata ne, Baban Rohima. Nan ƙwayoyin cuta ne suka shiga ciwo. Ta karce jikinta a dutse, ga ruwan da muka ɗebo bayan ambaliya duk dattin kogi."

"To zuba maganin rawaya a ciki mana."

"In kashe furen, in kashe ƙwayoyin kirkin da ke cikin matatar ruwan? Gobe ka tashi ka tarar da tankin yana wari kamar masai."

"Me kika ce?"

"Na ce juyo min kunnen da ke aiki."

A ɗakin girki ta haɗa abin da take kira asibiti. Ƙaramin tanki ne, ba yashi, ba dutse, ba gawayi a matatar ruwa don gawayi shanye magani yake. Ta sa fasasshiyar tukunyar ƙasa don Gwaggo ta samu maɓoya, ta ƙara iska, ta auna hodar rawaya daidai da yawan ruwan, ta lulluɓe tankin da tsohon zane saboda haske na kashe ƙarfin hodar. Kafin kowane zubi sai ta sauya wani kaso na ruwan da wanda ya kwana ya lafa. Ta kuma kafa doka: raga, bokiti, tiyo, har hannun da ya taɓa asibiti, ba ya zuwa rumfa. Don haka ta bar wa Busar tankunan rumfa, na Maigida da na 'ya'yansu, ita ta daina leƙawa ma.

Ranar da ta miƙa masa aikin ina wurin.

"Ka rage wa Maigida abinci. Kuma ka yi addu'a jinyar nan kada ta ja, don idan ya daɗe ba ta kusa, zai koma mace."

Busar ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. "Rabin rayuwata a ƙarƙashin teku na yi, ban taɓa ganin namiji ya wayi gari mace ba."

"Kama su ka yi, ba zama da su ka yi ba. Ita kanta Gwaggon da namiji ce. Idan ya juya, ba ya dawowa, kuma mata biyu a fure ɗaya sai ɗaya ta kashe ɗaya."

Ya dube ni. "Maƙwabci, ka ji fa. Duk ranar da matarka ta tafi ganin gida ka bi ta."

Jinyar ta ja. Jelar ta daina zarewa amma jan tabon ya buɗe ya zama gyambo. Misnatun ta hau motar haya zuwa gari, ta nuna wa wani likitan dabbobi hoton ciwon a waya, ya ba ta wani magani da ake kwaɓawa da abinci. Ta riƙa daka jatan lande da shi tana miƙa wa Gwaggo a bakin tsinke. Da farko ta tofar. Daga baya yunwa ta sa ta haɗiye.

Sannu a hankali gyambon ya fara haɗewa, Gwaggo ta fito daga tukunya, har ta ciji yatsan Misnatun. A ranar Busar ya fara ƙorafi. Muna zaune a tabarma ana cin shinkafa da masara da dakakken barkono.

"Ai ta warke, Tun. Kifin da ke cizo ba marar lafiya ba ne. Mayar da ita ɗakinta."

"Maganin bai ƙare ba."

"Ke kika ce lokaci na ƙurewa."

"Na ce. Amma idan na tsaya yanzu, ragowar ƙwayoyin da suka fi taurin kai su ne za su taso, kuma maganin nan ba zai sake cin su ba. Na gani a sito ba sau ɗaya ba. Kifi ya yi kyau, a ɗaure shi a leda, ya isa can a ruɓe."

"To kai mata shi asibitin."

"Gyambo a buɗe? Ya kwasa, in rasa biyu?"

Busar ya tauna loma. "Ni dai ban ga abin gaggawa ba ma. Tun da na sa masa abokin hira ya saki jiki, yana ci kamar mai aikin ƙarfi."

Misnatun ta ajiye cokali.

"Wane abokin hira?"

"Ɗaya daga cikin yaran. Ɗan mitsitsi. Na ga yana ta zagaye furen shi kaɗai, ko abinci ba ya kallo, sai ya ba ni tausayi."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon kwanciyarta."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta sauya riga, muka bi ta rumfa. Maigida ya yi ƙiba, ya zauna daram a tsakiyar furen inda Gwaggo ke zama. Ɗan ƙaramin yana gefe. Muna tsaye Maigida ya taso masa, yaron ya karkace jiki ya hau karkarwa.

"Ka gani?" in ji ta. "Da shi kaɗai ne, da ya ɗan jira. Ka kawo masa wanda zai mulka."

"Ni kaɗaici na gani."

"Na sani."

"To a cire yaron, a dawo da ita yau. Wataƙila bai gama juyawa ba."

Ta daɗe tana kallon tankin. Ni kaina na zaci za ta yarda, don abincin gidan ne ke iyo a gabanmu. Ta cire yaron da ragar rumfa ta mayar da shi cikin 'yan uwansa. Sannan ta ce, "Wataƙila bai gama ba. Amma ita na tabbata ba ta gama ba. Sai ta shanye maganinta."

Haka aka yi. Ta kammala maganin, ta sa gawayi ya tsotse ragowarsa, ta bar Gwaggo ta ƙara hutawa a ruwa mai tsabta har fata ta rufe tabon. Idon dama dai bai dawo ba. Ranar mayarwa ta raba babban tankin gida biyu da raga, ta saki Gwaggo a ɓangare ɗaya.

Gwaggo ta nufi ragar kai tsaye, ta taso kamar yadda ta saba. Muka zuba wa Maigida ido.

"Karkarwa, ɗan albarka," in ji Busar a hankali. "Ba abin kunya ba ne, dukanmu muna yi."

Maigida bai karkace ba. Ya buɗe baki ya kama ragar daidai inda bakinta yake, suka riƙa ja. Misnatun ta bar su har la'asar, ta sake gwadawa washegari, da wanda ya biyo. Da ta ga leɓen Gwaggo ya fara saɓulewa, ta kwashe ta.

Shekarar ta yi musu tsauri, don Maigida ya riga ya juya, ƙwai kuma ya yanke. Misnatun ta koma sito tana ɗaure leda da yara sa'o'in 'yarta. Busar ya karɓi gyaran komar masunta a bakin ruwa. Ta mayar wa Maigida ɗan ƙaramin nan, tun da dai sun riga sun saba. Gwaggo kuwa an kai mata samari biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ta yage masa jela, na biyu ta hana shi ci har aka cire shi. Daga nan Misnatun ta ƙyale ta.

Damina ta sake zagayowa kafin wata safiya Busar ya ƙwanƙwasa min katanga ya ce in zo in ga abin da bai taɓa gani a teku ba. A jikin dutsen, ƙarƙashin furen, ga ƙwai jajaye a jere, ɗan ƙaramin yana ta yi musu fifita, Maigida na gadi.

Har yau ba a sauya masa suna ba. Idan dillali ya zo ɗaukar kaya ya tambayi na wace uwa ce, Misnatun kan ce na Maigida ne, ta ci gaba da ƙirga leda. Gwaggo tana wani tanki kusa da ƙofar ɗakin girki, ita da fasasshiyar tukunyarta. Ba ta sake saka ƙwai ba. Dillalin ya taɓa cewa kifi mai ido ɗaya cin abinci kawai yake, Misnatun ta ce masa ba daga tukunyarsa take ci ba. Busar ne ke ba ta abinci da safe, kuma ta gefen hagu yake miƙa tsinken, inda take gani.