Man Keken Ɗinki a Bindigar Baba

A duk Tudun Wada ban san wanda ya kai mahaifina tsafta ba. Mutum ne da yake wanke butar alwala da sabulu, yake goge takalmi kafin ya tafi gona. Wuri ɗaya ya yarda datti ya kwana, shi ne cikin bututun bindigarsa ta farauta, wadda yake riƙe da ita da lasisinta tun yana aikin gandun daji.

Dalilinsa kuwa mun haddace shi kamar karatun allo, don da wuya a ci tuwo a gidanmu ba a ji shi ba. Bututun da aka goge tas aka shafa wa mai, in ji Baba, ƙarya yake yi a harbin farko. Harsashi zai zame a kan man ya bi sama ko gefe, sai a na biyu ko na uku saiti yake dawowa. Gada kuwa ba ta tsayawa jiran na biyu. Saboda haka in rani ya kama, sai ya je gonarsa a ƙetaren kogin Galma ya saki harbi biyu a jikin suri, ya dawo ya rataye bindigar da baƙin hayaƙinta, ba mai goge ta har damina ta sauka. Inna tana kan keken ɗinkinta take sauraron wannan lacca shekara da shekaru, ba ta taɓa cewa uffan ba. Mu dai mun ɗauka ƙarar keken ce take toshe mata kunne.

Sai idon Baba ya fara rauni. Shi bai yarda ba, amma akwai ranar da ya tsaya ya gaida buhun gawayi da aka jingine a ƙofar maƙwabcinmu, har da tambayar iyali. Labari ya kai kunnen babban wanmu, wanda yake aiki a unguwar Kongo, ya zo gida da magana ɗaya: a karɓe bindigar kafin Baba ya harbi ɗan wani da sunan gada. Inna ba ta sa baki ba. Na san dai duk ranar da Baba ya fita daji ba ta iya cin abinci, kuma ko wane acaɓa ya tsaya a layinmu sai ta ɗaga labule.

Baba ne da kansa ya yanke hukunci. Ya ce a je gona, a ɗora gwangwani a kan suri, a ba shi harbi ɗaya tak. In ya kuskure, a tafi da bindigar. In ya samu, kada wanda ya sake yi masa zancen ido. Ana gobe za a yi, ya tafi shi kaɗai ya yi harbinsa na ɓata bututu, ya dawo yana fara'a kamar wanda aka riga aka faɗa wa sakamako. Gaskiya ni ina bayansa. Na san in aka raba shi da bindigar nan, an raba shi da abu na ƙarshe da yake fitar da shi daga zaure.

Da safe na iso da mota, Baba bai dawo daga masallaci ba. Na tarar da Inna a bakin rijiya tana cuɗa hannu da garin sabulu, sai dirza take yi. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba.

A gona Yaya ya ɗora babban gwangwanin tumatir a kan surin, ya dawo ya harɗe hannu. Baba ya warware tsohon zanen gadon da yake naɗe bindigar a ciki, sai wani wari ya doki hancina. Na san shi sarai, don duk kayan Sallar da na sa ina ƙarami da shi suke zuwa. Man keken ɗinki ne. Baba ma ya ji. Ya buɗe bindigar ba harsashi, ya ɗaga bututun sama ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ko daga inda nake na hango ƙyalli a bakinsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya juyo ya watso mini harara. Idon da aka ce ba ya gani, ranar bai sha wahalar samuna ba.

Ya sa harsashi, ya durƙusa, ya yi bismillah, ya ja kunama. Ƙasa ta tashi a saman gwangwanin, shi kuwa gwangwani ko motsi bai yi ba. Yaya, da tausayi ya kama shi, ya ce, "Baba, a ƙara ɗaya mana."

"Ɗaya na ce," in ji Baba. "Ido ne, ya tafi." Ya naɗe bindigar da kansa ya miƙa masa.

Duk hanyar dawowa Yaya yana yi mana bayanin yanar ido, yana jin daɗin yadda hasashensa ya fito daidai. Ni kuwa raina a ɓace yake, kamar in yi kuka. Muna isa na wuce ɗakin Inna.

"Inna, ke kika taɓa bindigar nan?"

"Ɗan mai na sa mata, kada ta yi tsatsa."

"Amma ai kin sha jin abin da yake faɗa kan harbin farko."

Ta ɗago ta dube ni. "Kurma ka ɗauke ni?" Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinkinta.

Yaya ya mayar wa hukuma da bindigar. Inna ta samu abin da take so, wato miji a gida daga safe har yamma, yana zagaya kicin yana nuna mata tukunyar da ba ta wanku ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba, shi ma bai taɓa ɗaga mata zancen mai ba. Ni ne dai abin ya tsaya wa a wuya, har wata la'asar na same shi a zaure yana kallon masu wucewa, na tambaye shi me ya hana shi karɓar harbi na biyu da aka yi masa tayi.



"Na biyun ai da na samu," ya ce. "Matar da ba ta taɓa riƙe bindiga ba, tana tsoronta kamar maciji, ta ɗauko ta ta zura mata tsumma da hannunta. Ka san irin tsoron da ya fi wannan tsoron? To ni ban san tana cikinsa ba sai ranar."