Mumuni Mai Haƙar Rijiya da Na'ura Mai Ƙyas-ƙyas

Duk wanda ya tashi a Kanan-Bakashe zamanin babban fari ya san Mumuni mai haƙar rijiya. Gajere ne, kafaɗunsa kamar turmi, kuma daga ƙasan rami ake jiyo waƙarsa. Mu da muka sha ruwan hannunsa har yau ba mu manta da sanyinsa ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, rijiyoyi suka ƙafe, gero ya ƙone tun yana tsaye. Mumuni ya kama sabon haƙa a bakin tsohon kwari. Bai yi nisa ba ya ci karo da wani baƙin dutse mai santsi, an wasa masa baki kamar gatari. Tsofaffi suka ce gatarin aradu ne.

Ana cikin haka sai ga Iliyasu, wani ma'aikacin binciken ma'adinai ɗan Tasawa, ya tsaya neman ruwan zuba wa mota. Da aka nuna masa dutsen, ya juya shi, ya ce mutanen farko ne suka sassaƙa shi tun ba a san ƙarfe ba. Ya kunna wata na'ura ya kara a bakin ramin, sai ta kama ƙyas, ƙyas.

Mumuni ya ja da baya. "Malam, me take faɗa?"

"Wani haske ne da ido ba ya gani, Baba. Daga ƙasa yake fita, daga sama ma yana sauka."

"To na bar haƙan nan. Ba zan shayar da mutane cuta ba."

Iliyasu ya kara na'urar a katangar gida, a rumbu, a kan hanya. Ko'ina kukan iri ɗaya.

"Ka ji ko? Ɗan kaɗan ne, haka Allah ya yi ƙasa. Wanda ya wasa gatarin nan a cikin hasken nan aka haife shi, a cikinsa ya rayu."

"Ashe su ma sun yi ƙishirwa a nan," Mumuni ya ce, ya ɗaura igiya ya koma ciki.

Kafin damina ya cim ma ruwa. Mata suka yi ta guɗa, Fulani suka riƙa koro sauran shanunsu tun daga wajen Mayahi.

Ya ci gaba da haƙa har gwiwa ta gaza. Da aka kawo injin foraj mai haƙar rijiyar burtsatse, sai ya koma zama gindin gawo yana tufka igiyar guga, duk wanda zai wuce ya tambaye shi lafiyar rijiyar garinsu. A gidan 'yarsa Zuhura ya rasu, wata shekara da aka yi albarkar gero.