Ranar da Na Rufe Asusunka, Injiniya

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha huɗu ga watan nan, jim kaɗan bayan la'asar, ƙanenka ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Ciwon ƙirjin da ka riƙa ce mana gajiya ce, ashe shi ne ajali. Injiniya, tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In tashi in leƙa ɗakin na'urori, in dawo in tarar da kujerarka a ture ƙarƙashin tebur yadda ka bar ta, in sake fita ba tare da na san abin da zan ɗauko ba.

Domin wanda bai san mu ba, ni da kai ofishinmu ɗaya, tebur na kallon tebur. Aikinmu kula da gungun kwamfutocin kamfani, waɗanda ke jere a ɗaki mai sanyi suna tace bayanan magungunan asibitoci. Ɗaya ce ke karɓar aiki ta rarraba wa sauran, kowace ta yi kasonta, sannan su mayar da amsa. Na'urorin a hannuna suke, hanyar shiga a hannunka. Duk wanda zai taɓa su daga wajen ginin, sai ya bi ta katangar tsaron da ka kafa.

Ni mai gajen haƙuri ne, kowa ya sani. In mutum ya kira ya ce ya kasa shiga, amsata a shirye take: kashe ka kunna. Kai kuwa sai ka gyara zama ka tambaye shi inda yake zaune, da fitilun da ke ci a jikin rautarsa, wato akwatin da ke ba shi intanet. Ka taɓa ɓata rabin yini da wani babba a kamfanin nan da ya rantse hanyarmu ce ta lalace, har aka gano uwargidansa ce ta zare filogin rautar ta jona dutsen guga. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, alhamdu lillahi, an dace." Na so in baza labarin a ofis ka hana ni. Ga shi yau na faɗa, ka yi haƙuri, ban dai kama suna ba.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar Malama ta sashen ƙididdiga. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba mai juya ta ko ba ta abinci sai ita. Manaja ya yarda ta yi aiki daga gida, da sharaɗin in aikin ya tsaya, ta dawo ofis ko ta ajiye. Sai ga shi tana tura aiki na'urorin suna karɓa, amma amsa ba ta zuwa. Ni na ce intanet ɗinta ne mai rauni. Kai ka ƙi yarda. Ka bi abin mataki-mataki har ka ga cewa katangarmu ce ke tare amsar a hanyar fita. Ka buɗe mata wata hanya ta wucin gadi ta cikin asusunka na shiga na'urorin, kafin shugaban tsaro ya ba da izinin ta dindindin. Ta ci gaba da aikinta a gefen gadon uwarta, kai kuma ka wuce ga matsalar wani.

Washegarin jana'izarka aka umarce ni in rufe asusunka kafin mako ya ƙare. Raina ya ɓaci, na ce mutum ko makoki ba a watse ba ana maganar share shi. Amma da gaskiyarsu, kuma da kana nan kai za ka fara faɗa: asusun da babu mai shi ƙofa ce ga ɓarawo. Da na shiga dubawa sai na ga hanyar Malama a rataye da shi. In na rufe, ita ma na rufe ta a waje. Wallahi na ji haushinka a lokacin, Injiniya. Ka yi alheri ka tafi, ka bar ni da tufka da warwara.

Na gwada gina mata sabuwar hanya daga ofis, hanyar ta ƙi aiki. Na canza lambobi, na mayar, na sake canzawa. Na yi ta safa da marwa tsakanin teburina da ɗakin sanyi har mai shara ta tambaye ni ko lafiya. Da dabara ta ƙare mini, sai na yi abin da nake yi maka dariya a kai. Na ɗauki kwamfutata na je gidan, na zauna a kujerar da Malama ke zama, ina jin tarin tsohuwar ta bayan labule. Daga nan na fara bi, daga rautarta zuwa bakin katanga, daga katanga zuwa babbar na'ura, har na ga inda amsar ke maƙalewa. Ashe ba ƙofa ɗaya na'urorin ke amfani da ita ba, kowace da wadda take zaɓa, sai an tsayar da su a kan guda. Na kai wa shugaban tsaro, na tsaya a kansa har ya sa hannu.

Ranar Juma'a da hantsi na rufe asusunka da hannuna. Yatsana ya daɗe a kan maɓallin kafin na danna. Sannan na kira Malama na ce ta tura aiki. Muka tsaya jira a waya, ina jin ƙarar fankar ɗakinta. Can ta ce, "Yaya, amsa ta zo." Sai ta fashe da kuka.

Ban kashe wayar ba, don haka na ji tsohuwar tana tambaya da harshenta mai nauyi, "Wa ya rasu kike kuka?" Malama ta ce, "Inna, wanda ya sa nake zaune a nan tare da ke." Daga baya ta gaya mini tsohuwar ta ɗaga hannunta ɗaya mai lafiya ta yi ta yi maka addu'a, alhali ko fuskarka ba ta taɓa gani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙanenka da ya ɗauki nauyin sanar da mu. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya raya abin da ya bari. Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓi addu'ar tsohuwar nan a kansa, ka sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.